Numfashin Baba Usman

Mutumin da ya zo tarbata a filin jirgin Doha bai riƙe sunan wani otal ba. Kwalin da ke hannunsa sunan wani kamfanin shuke-shuke ne a jiki, a ƙasa kuma an rubuta nawa, Iliya. Na ce masa an yi kuskure. Ni mai busa saksofon ne, kuma dillalin da ya yi mini takardu a Abuja ya rantse mini cewa wata ƙungiyar makaɗa na jirana a babban otal. Ya dubi akwatin da na rungume a ƙirji, ya dubi takardar hannunsa, ya ce, "Yalla, yalla," wato mu je, ya nuna mini mota.

Ni mutumin Kafanchan ne. A ƙungiyar coci na fara busa tun ina ƙarami, daga baya na yi shekaru a Jos ina bin bukukuwa da ƙananan otal-otal. Kiɗan jaz kuwa ba wanda ya koya mini. Tsofaffin kaset-kaset na riƙa saurare ina kwaikwayo har zarensu ya tsinke. Na baro matata Rahila da 'yarmu Murna a gida da alkawarin cewa wannan karon busar nan za ta riƙe mu.

An fara sauke mu, ni da sauran sababbin ma'aikata, a wani gida a Al Thumama kafin a gama gwajin asibiti. Daga tagar ɗakin ana hango filin ƙwallon nan da aka gina kamar farar hular saƙa. Duk da abin da ke cina a rai, sai da na tsaya ina kallonsa baki buɗe, jirage na sauka ta bayansa ɗaya bayan ɗaya. Na kira dillalin. Ya ɗauka, ya ce in kwantar da hankalina, wannan hanyar shigowa ce kawai. Daga ranar layinsa bai sake shiga ba.

Daga nan aka kwashe mu zuwa Umm Salal, wata gona da ake rainon furanni da ciyawa don gidajen masu hali. Aikina ɗaukar tukwanen shuka, jan tiyo, da shimfiɗa ciyawa. Na sha zafi a gida, amma na nan daban ne. Iska kanta kamar daga bakin tanda take fitowa, ga gumi da ba ya bushewa. Cikin ɗan lokaci yatsuna suka kumbura, leɓena ya tsage. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin mai busa ba shi da wata dukiya sai yatsu da leɓe. Ranar da na buɗe akwatin na tarar zafi ya busar da fatun maɓallan, ɗan karan da ake ɗaurawa a bakinta kuma ya dare, na zauna a bakin gado na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Abokin ɗakina Issaka ne, wani dattijo daga zangon Kumasi da ya daɗe a gonar. Ya same ni a haka. Ya fita, ya dawo da man kaɗanyar da matarsa ta aiko masa, ya ce in shafa a leɓe. Sannan ya ɗauki akwatin ya kai ɗakin sanyi inda ake ajiye irin furanni, ya ɓoye a bayan buhuna.

"Kafinta ba ya barin guduman shi a rana, ɗan'uwa," in ji shi da Hausarsa ta zango. "Ran Juma'a ka busa muna. Mu ma muna da kunne."

Haka aka yi, bayan na lallaɓa fatun na ɗaura wani karan da na taho da shi. Kowace Juma'a da la'asar, in rana ta yi sanyi, nakan tsaya a bayan gona tsakanin itatuwan dabino in busa, 'yan Nepal da 'yan Kenya da 'yan Bangladash na zaune a kan bokitai. Wani lokaci in na ɗago kai sai in ga kowa ya sunkuyar da nasa. Ba wanda ya san waƙar wani, amma kowa gida yake tunawa.

Da sanyi ya fara shigowa aka sa ni cikin masu zagayen ban ruwa a Madinat Khalifa. Akwai wani gida mai itacen lemun tsami a tsakar gida. Wata safiya ina durƙushe ina gyaran tiyo a ƙarƙashin taga, sai na ji fiyano daga ciki, da muryar tsoho tana rera wani sauti marar kalmomi. Sautin zai hau, ya hau, sai tari ya sare shi. A sake farawa, tari ya sake sarewa a daidai wurin. Ban san lokacin da bakina ya kama fito ba. Na ɗauki sautin daga inda ya faɗi na kai shi inda kunnena ya ce zai je.

Fiyano ya tsaya cak. Aka yi magana da Larabci da ƙarfi. An riga an gargaɗe mu kada mu dami masu gida. Na ce a hankali, "Wayyo, na shiga uku."

"Wa ya shiga uku a ƙofar gidana?"

Da Hausa! Na miƙe na ga wani tsoho baƙi dogo a taga, da farar jallabiya, ga siririn tiyon iska a hancinsa. Hausarsa irin wadda ban taɓa ji ba ce, tsohuwa, mai nauyi, kamar tufar da ta daɗe a adaka.

"Kai ne mai fito?"

"Ni ne, Baba. A gafarce ni."

"Ka kauce a ƙarshe, amma kaucewa mai kyau. Me kake busawa?"

"Saksofon, Baba."

Ya daɗe yana kallona, ni da rigar kamfani da taɓo har gwiwa. Ya ce, "Ran hutunka ka zo da ita."

Sunansa Usman. Kakarsa ta taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za ta aikin hajji, tafiya ta yi tsawo, ta yada zango a Maiwurno a bakin kogin Nilu, a can ta haihu, a can ta rasu ba ta ga Makka ba. Shi a Sudan aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma da Hausa aka yi masa goyo. 'Yarsa Dokta Nafisa, likitar yara ce a Doha, ita ta ɗauko shi bayan yaƙi ya ɓarke a Khartoum.

Juma'ar farko ya sa na busa masa abin da na ga dama. Na zage na kawo duk abin da na iya, gudu, hawa, sauka, juyi. Da na gama ina haki, sai ya ce, "Masha Allah. Ka faɗi abubuwa da yawa. Wanne ne naka a ciki?"

Na dubi ƙarfen da ke hannuna.

Ya miƙo hannu na ba shi saksofon ɗin. Ya cire tiyon hancinsa. Dokta Nafisa da ke bakin ƙofa ta ce, "Baba, don Allah!" Ya ɗaga mata yatsa. Ya kai bakinsa, ya busa sauti guda ɗaya tak. Na yi shekaru ina ɗauke da ƙarfen nan, ban taɓa sanin akwai wannan murya a cikinsa ba. Sautin ya fito a hankali kamar mutum na buɗe ƙofa kada ya ta da mai barci, ya faɗaɗa har ya cika falon, sannan ya ɗan karkata a ƙarshe kamar muryar tsohuwa mai kiran jikanta. Gashin jikina ya tashi. Tari ya turnuƙe shi, 'yarsa ta ruga ta mayar masa da tiyon tana faɗa. Shi kuwa dariya yake yi, hawayen tari na zuba.

"Abin da ya rage mini ke nan, ɗana," ya ce. "Guda ɗaya. Kai kana da dubu, ba ka san inda za ka ajiye su ba."

A Juma'o'in da suka biyo baya na ji tarihinsa guntu-guntu, tsakanin shayi da tari. Ya fara ne a ƙungiyar badujala ta 'yan sanda a Wad Madani, yana saurayi, mahaifinsa na fushi da shi. Ya koma Khartoum ya shiga masu kiɗa a bakin kogi. Ya tafi Alƙahira, daga can ya hau jirgin ruwa zuwa Turai da saksofon da riga biyu. Ya kwana a tashar jirgin ƙasa cikin sanyi. Ya wanke kwanuka. Wata rana aka bar shi ya hau dandamali tare da wasu baƙaƙen Amurka da suka zauna a can, ya busa musu duk abin da ya kwaikwaya daga faifansu. Babbansu ya ce masa, wannan ai namu ne, mun riga mun san shi, ina naku? Ya koma ɗakinsa da kunya. Daga nan ya fara tuno waƙoƙin da kakarsa ke yi in tana daka, da kiɗan bukukuwan Omdurman, ya fara tsara nasa. Da shi ya zaga garuruwan da ni sai a taswira nake ganinsu. Ana cikin nemansa ya tattara ya koma gida, domin a cewarsa kiɗan ya fara manta warin kogi. Ya koyar da matasa, ya yi kiɗan aure, ya haƙura da shekarun da aka tsananta wa makaɗa, bai daina tsarawa ba.

"To ina faya-fayan, Baba?" na tambaye shi.

Dokta Nafisa ce ta amsa. "Malam Iliya, da rigar jikinsa kawai ya fito. Saksofon ɗinsa, faya-fayansa, duk abin da ya rubuta, suna cikin gidan. Maƙwabta sun ce ba abin da ya saura."

Baba ya taɓa goshinsa da yatsa. "Suna nan. Amma gidan nan ma ya fara yoyo. Ina da waƙa, ba numfashi. Kai kana da numfashi. Za ka ara mini?"

Ban taɓa jin nauyi irin na wannan tambaya ba. Na ce, "Baba, ni ban yi makarantar kiɗa ba."

"Tamam. Ni ma kakata ba ta yi ba."

Haka muka fara. Shi zai rera ko ya taɓa fiyano, ni in bi da busa, Dokta Nafisa ta ajiye waya tana ɗauka. Malami ne mai tsanani. Zai iya tsayar da ni a kan gaɓa ɗaya har shayi ya huce. Yakan ce, "Kana gudu kamar ana bin ka. Tsaya. Bar shirun ya yi nasa aikin." Akwai wata da ya kira Hanyar Gabas, labarin tafiyar kakarsa. Tana farawa da taku mai nauyi kamar na mai kaya a ka, ta bi ta wurare masu faɗi da ba kowa, har ta iso ruwa. Ranar da na busa ta daga farko har ƙarshe, na ga ikon Allah: mutum ya ɗauki tafiyar da bai yi ba, ƙasar da bai gani ba, ya zuba su cikin sauti, har ni da na fito daga can na ji ƙamshin gida. Na koma Umm Salal a bas ina rera ta a raina.

Amma yini ɗaya a mako ba ya isa, jikinsa kuma kullum baya yake yi. Ga shi manajan gonar ya gano inda nake zuwa, ya ce ba a kawo ni ƙasar nan don busa ba, ya mayar da ni aikin cikin gona, ya fara ba ni aiki har ranar Juma'a. Makonni suka wuce ban je ba. Na kira Rahila na ce mata na gaji, zan nemi a mayar da ni gida. Ta ce, "Baban Murna, tun da ka tafi ban ji muryarka da rai ba sai in kana zancen tsohon nan. Mu muna nan lafiya. Kar ka baro shi a tsakiya."

Issaka ne ya karɓi aikina na wata Juma'a, ya ce in tafi, in manaja ya tambaya shi ya san abin da zai faɗa. Na isa na tarar Baba ya rame. Da ya ji abin da ya faru, ya sa 'yarsa ta kira wata mata 'yar Labanan mai kaɗa fiyano, wadda ke jagorantar ƙungiyar jaz a wani otal a bakin teku. Ashe tun tana ɗaliba ta san sunansa, ba ta taɓa zaton yana garin ba. Ta zo a ranar. Ta durƙusa a gaban kujerarsa ta sumbaci hannunsa. A nan na fahimci ko wane ne mutumin da nake yi wa ban ruwan lemo. Ya ce in busa mata Hanyar Gabas. Ban kai rabi ba ta zauna a fiyano ta bi ni.

Ta ce za ta ɗauke ni a ƙungiyarta, amma sauya kafil, wato ubangidan da izinin aikina ke hannunsa, bai zo da sauƙi ba. An yi ta kai da kawo, manaja na jan ƙafa, Dokta Nafisa na bin ofisoshi bayan ta tashi daga aiki. Ranar da abin ya tabbata, Issaka ya ɗauko mini akwatina daga ɗakin sanyi, ya goge shi da hannun rigarsa, ya ce, "Khalas, ya ƙare. Tafi ka yi aikin da Allah ya yi ka domin shi."

Daga nan kullum da safe ina gidan Baba. Muka kwashe waƙoƙi da dama. Wasu ya tuna su duka, wasu ya neme su ya rasa, ya yi ta bugun hannun kujera cikin takaici. Ta ƙarshe a asibiti ya ba ni ita. Ya ce ta rawa ce, ya tsara ta ne don bikin aurensa da mahaifiyar Nafisa, daga baya makaɗan aure suka ɗauke ta. Ya jawo ni kusa, ya rera mini a kunne da ɗan abin da ya rage masa na murya. Sauti ne mai daɗi, mai tsalle, kamar yarinya na saukowa daga matakala. Ya kai tsakiya, numfashi ya ƙi. Ya yi ƙoƙari, ya ƙi. Ya girgiza kai, ya yi murmushi, ya ce, "Gobe."

Bai kai goben da magana ba. Bayan kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Na bi su har maƙabarta, na tsaya daga gefe ina tawa addu'ar, Hausawan Doha da 'yan Sudan suka yi masa salla.

Bayan an share makoki, shugabar ƙungiyarmu ta shirya taron tunawa da shi da yamma a wani ɗan zaure. Mun zaci mutane kaɗan za su zo. Sai ga zauren ya cika har ana tsaye, yawanci 'yan Sudan, maza da rawuna, mata da lulluɓi masu launi, da yawansu yaƙin ne ya watso su nan. Ga likitoci da injiniyoyi 'yan gida da Dokta Nafisa ta gayyato. Ga Issaka a layin baya da kaftaninsa na salla.

Muka busa waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo ta ƙarshe na ce wa jama'a, Dokta Nafisa na fassarawa, wannan rabinta kawai ya samu ya ba ni, kuma ba zan ƙara mata abin da ba nasa ba. Na fara. Tun a gaɓar farko na ji zauren ya motsa. Na bi ta har inda numfashinsa ya tsaya, na sauke saksofon daga bakina.

Aka yi tsit.

Sai wata murya ta taso daga tsakiyar zauren, siririya, tana rawa. Wata tsohuwa ce da sanda, ta miƙe tsaye, idonta a rufe. Daga daidai inda na tsaya ta ɗauka. Kafin ta kai ƙarshen gaɓar wani dattijo ya shiga, sai matan da ke kusa da ita, sai layi bayan layi. Aka fara tafi. Wata ta rangaɗa guɗa. Mutanen da suka baro gidajensu a ƙone suna tsaye suna rera waƙar da aka yi rawarta a bikin aurensu, suna kuka suna dariya. Dokta Nafisa ta rufe fuskarta da mayafi.

Ni kuwa na daskare a dandamali. Duk watannin nan na ɗauka ni kaɗai ne ma'ajin mutumin nan, nauyin ya hana ni barci. Ashe ya riga ya raba kansa a ƙirjin mutanen da bai ma san sunansu ba.

Mai fiyano ta ɗago kai ta ce mini, "Yalla, Iliya."

Tsohuwar ta buɗe ido, ta nuna ni da sandarta, ta sake rera gaɓar a hankali, yadda ake yi wa mai koyo. Na mayar da saksofon bakina, na ja numfashi, na bi ta.